Hadda ko sakandare: ku fara sanin yaron da ke hannunku

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a nan Kano, 'ya'yana huɗu. Babban namiji ne, shekararsa 12, bana zai gama firamare a wata makarantar kuɗi ta unguwarmu. Maigida ya ce a jingine boko tukuna, a kai shi wata makarantar hadda ta kwana da abokinsa ya ba shi labari, wai cikin shekara biyu yaro ke haddace izu sittin, in ya gama sai ya dawo ya shiga sakandare. Hajiyarsu tana bayansa, ta ce a gidansu ba a taɓa rasa mahaddaci ba. Ni kuma so nake ya wuce wata sakandaren kuɗi inda 'ya'yan yayata suke, ki ji Turanci a bakin yaran nan kamar me, sai dai naira 95,000 ne kowane zango. Maigida ɗan kasuwa ne, yau samu gobe rashi, ni kuma ɗinki nake taɓawa a gida. Yau kwana uku ba mu yi magana mai daɗi ba. Ba na so a ce na ƙi Alƙur'ani, ba na kuma so a bar yarona a baya. Yanzu izunsa bakwai a Islamiyya. Yaya zan yi?

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya raya miki su, ya sa musu albarka.

Sau biyu na karanta wasiƙarki ina neman abu ɗaya, ban same shi ba. Kin faɗi abin da maigida yake so, da abin da Hajiya take so, da abin da ke kike so. Shi yaron fa, me ya iya? Kuma makarantun nan biyu da ake ta kai ruwa rana a kansu, wa ya taɓa taka ƙafarsa ya shiga cikinsu? Shi labarin abokinsa ya ji, ke Turancin 'ya'yan yayarki kika ji. Kwana uku kenan kuna fushi a kan abin da ba wanda ya gani da idonsa.

To a fara daga gida, don wannan ba ya cin ko sisi. Ki zaɓi wata yamma da ba kowa, ki kira shi kamar hira za ku yi, kada ya ji ƙamshin jarrabawa. Ki miƙa masa jaridar Hausa, ko Aminiya ce, ya karanta miki labari ɗaya a bayyane. Sannan ki ɗauko littafin Turancinsa na aji huɗu, ba na aji shida ba, ki buɗe shafin da bai saba da shi ba, ya karanta, ki rufe littafin ki ce ya gaya miki da Hausa me aka ce a ciki. Nan ne asiri ke tonuwa. Yara da yawa suna rera Turanci tiryan-tiryan, amma in ka ce su fassara sai su kama sosa ƙeya. Daga nan ki ba shi lissafi daga cikin sana'arki: an kawo yadi 12, kowace riga tana cin yadi ɗaya da rabi, riga nawa za a samu? Kin sayi zare da zif na naira 1,350 kin ba da 2,000, nawa ne canji? In ke ba ki da tabbacin Turancin, ki samo wata maƙwabciya malama ta zauna da ku. Shi kuma maigida ya ɗauki nasa ɓangaren. Izu bakwai daga ƙasa, yaro ya kai Suratur Rahman kenan. Ya buɗe masa tsakiyar Mujadala ko Hashri, ya ja masa baki aya ɗaya ya ce ya ci gaba. Sannan ya buɗe masa inda bai taɓa zuwa ba, kamar Suratu Yusuf, ya ga ko zai iya karantawa da duba ba tare da in'ina ba.

Me ya sa na nace a kan wannan? Na yi shekaru ina koyarwa a ƙaramar sakandare, kuma irin yaran da ake cirewa a kai hadda su dawo, na ga kala biyu. Akwai wanda ya tafi da karatu da lissafi daram a kansa. Irin wannan in ya dawo, zango ɗaya ko biyu yake yi yana lalube, daga nan sai ka ga ya wuce 'yan ajin, saboda hadda ta koya masa zama wuri ɗaya da naci, abin da yaran yanzu suka rasa. Akwai kuma wanda ya tafi da tushe mai rauni. Har yau ina tuna wani da aka kawo mana yana da shekara 15, aka sa shi aji ɗaya. In ya ja salla a masallacin makaranta sai ka ji tsigar jikinka ta tashi. Amma a aji can baya yake zama, ya fi kowa tsawo, ƙannen bayansa na ɗaga hannu shi yana sunkuyar da kai. Na ba su raba 84 gida huɗu, na zagayo na tarar ya ja ƙananan layuka a bayan littafinsa yana ƙirgawa ɗaya bayan ɗaya, ya rufe da hannu don kada na kusa da shi ya gani. Bai ƙarasa zango na biyu ba ya bi kawunsa kasuwa. Ba hadda ce ta cuce shi ba. Tun ranar da aka cire shi daga firamare bai iya lissafin ba, shekara uku suka bi ta kai, kunya ta ƙarasa sauran.

Yanzu bari in yi wa maigida adalci, don burinsa ba abin rainawa ba ne. Hadisi ne ingantacce a Buhari cewa mafificinku shi ne wanda ya koyi Alƙur'ani kuma ya koyar da shi. Kuma shekara biyun da aka gaya masa ba tatsuniya ba ce. Mus'hafin Madina da yara ke riƙewa a Islamiyya shafi 604 ne, kowane izu kusan shafi goma. Saura wa ɗanki izu 53, wato kusan shafi 530. In yana ɗaukar shafi ɗaya a rana, kwana biyar a mako, a huta Alhamis da Juma'a kamar yadda aka saba, mako 106 kenan, shekara biyu da 'yan kwanaki. Sai dai wannan lissafin yaron da ba ya zazzaɓi ne, ba ya zuwa hutun salla, harshensa kuma ya riga ya faɗa da tilawa. Sannan lissafin bai sa muraja'a, wato maimaita abin da aka riga aka haddace, a ciki ba, ita kuwa ita ce haddar. Yaron da ya kai izu arba'in, abin da zai maimaita a kullum don kada na baya ya zube ya ninka ƙarin da yake ɗauka sau da yawa. Annabi (SAW) da kansa ya yi gargaɗin cewa Alƙur'ani ya fi raƙumi saurin kuɓucewa daga dabaibayinsa. Makarantun da ke tallar wa'adi sukan matsa wa ƙari don a kai ranar walima, a sa alkyabba, a raba shahada, a ɗauki hoto. Bayan shekara ɗaya a gida sai ka tarar izu goma ne suka tsaya.

Saboda haka in maigida zai je ganin makarantar nan, kada ya tsaya a kan yaran da za a jero masa a ofis. Ya ce a haɗa shi da biyu ko uku daga waɗanda suka gama shekara biyu da suka wuce. Ya buɗe musu A'arafi ko Hudu ko Nahli, inda ayoyi ke kama da juna, ya ja baki ya saurara. Ya kuma tambayi iyayensu ina yaran suke yanzu, aji nawa suke.

Ga wani lissafin kuma da nake so ki ajiye masa a gefen wancan. Rabin shafi a rana, kwana biyar a mako, izu ɗaya ne a mako huɗu. In aka cire hutu da ciwo da makonnin jarrabawa, a ce izu goma a shekara. Izu 53 zai ɗauki shekara biyar da 'yan watanni. Sakandare kuwa shekara shida ce. Kin ga yana iya haɗa izu sittin kafin ya zauna jarrabawar fita, bai rasa ko zango ɗaya ba, kuma haddar da aka gina a hankali ana bi ana tisawa ta fi zama. Amma kada in yaudare ki, wannan hanya ta fi wahalar da iyaye. Rabin shafin nan bayan sallar asuba ake ɗaukarsa, kafin a sa kayan makaranta, kuma sai da tsayayyen malami da zai karɓi hadda kullum, ba irin Islamiyyar da yara saba'in ke ihu a aji ɗaya ba. Wani ne zai tashi yaron da duku-duku shekara biyar, wani ne zai kashe talabijin da wuri. A kai yaro makarantar kwana a huta ya fi sauƙi, shi ya sa da yawa ake zaɓarsa, ko da ba a faɗa.

Akwai kuma makarantun da suka haɗa biyun a wuri ɗaya, hadda da safe, darussan boko daga hantsi, kuma Kano ba baƙuwar wannan tsari ba ce. Makarantar Koyon Larabci ta SAS tun 1934 aka kafa ta a matsayin makarantar horar da alƙalai, ta fitar da manyan malamai da alƙalai da suka riƙe Larabci da Turanci tare. Akwai ma hukumar jarrabawa ta musamman ta wannan layi, NBAIS, wadda ta daɗe ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya kafin a amince da ita a matakin ƙasa a 2011. Abin da za ku tambaya a irin wannan makaranta shi ne: wace jarrabawa ɗalibanku ke zaunawa a ƙarshe, kuma a nan cikin makarantar suke zaunawa ko kai su ake yi wani wuri? Ni shawarata, ko yaro zai yi NBAIS, ya haɗa da WAEC ko NECO. Ƙofar jami'a kiredit biyar take nema, har da Turanci, da Lissafi a yawancin kwasa-kwasai, a zama ɗaya ko biyu, sannan ga JAMB. Makarantar da ta mayar da darussan nan biyu 'yan rakiya ta rufe wa yaro ƙofa tun bai san da ita ba.

To, na juyo kanki, ƙanwata, kada ki ce na goyi bayan miji na bar ki. Makarantar da ranki ya kwanta da ita, me kika sani game da ita ban da Turancin 'ya'yan yayarki? Ni wannan tarkon ya taɓa kama ni. Na je bikin yaye ɗalibai a wata makaranta, na ga yara 'yan mitsi-mitsi suna jawabi da Turanci ba gargada, washegari na kai 'yata. Sai da ta kai aji huɗu na gane jawaban nan haddace su ake yi wata guda kafin biki, ita kuwa ko wasiƙa mai layi uku ba ta iya rubutawa. Ina malama fa. Kullum ina duba littattafan 'ya'yan mutane, ban buɗe jakar tawa ba.

Ki je makarantar ranar Talata ko Laraba da misalin sha ɗaya, ba tare da kin sanar ba. Ki wuce fenti da hoton da ke jikin geti. Ki roƙa a bar ki ki leƙa aji ɗaya na sakandare, ki ƙirga kawuna, ki ga ko akwai malami a ciki. Ki karɓi littafin rubutun yaron da ke zaune a baya, ba na gaba ba, ki duba kwanan wata na ƙarshe da jan biro ya taɓa shi, ki ga ko gyara aka yi ko kuwa alamar maki kawai aka zizara. Ki shiga banɗaki, ki ga ko akwai ruwa. Ki tambayi malamin Lissafi da na Turanci shekararsu nawa a wurin, da takardar da suke da ita, don a ƙa'ida NCE ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa a ƙasar nan. In kin fito, ki tsaya wajen mai awara ko maigadi ki sayi wani abu ki ja su da hira, su suka san ko ana biyan malamai albashi a kan kari, su suka san malami nawa suka gudu bana. Makarantar da ke canza malamin Lissafi kowane zango, ko da gilashi aka gina ta, ba karatu ake yi ba. Ki nemi ganin takardar amincewar gwamnati da lambar cibiyar jarrabawarsu. In kuma aka yi miki alfahari da cewa su ɗalibinsu ba ya faɗuwa, kowa kiredit tara, ki ƙara buɗe ido, don sau da yawa amsa ake rubuta wa yara a allo, sai an je JAMB gaban kwamfuta ido ya raina fata.

Wannan awon shi za a yi wa makarantar haddar ma, har da ƙari tunda ta kwana ce. A ga inda yara ke kwana da wanda ke kwana tare da su, a ga tukunyar abincinsu, a ji me ake yi in yaro ya kwanta ciwo da dare, a ji da me ake horo. Duk makarantar da ta ce uba ba zai wuce ofis ba, ko ba za a ga yaro ba sai bayan wata uku, a juya. Ba mu manta abin da 'yan sanda suka tarar a wani gida a Rigasa ta Kaduna a 2019 ba, mutum sama da 300, wasu da mari a ƙafa, kuma iyaye ne da kansu suka kai da yawansu da kyakkyawar niyya. Ban ce wadda abokin maigida ya faɗa haka take ba, mafi yawa ba haka suke ba. Gani dai ya kori ji.

Sai maganar kuɗi, wadda na ga kin ambata kin wuce da sauri. Naira 95,000 sau uku a shekara, sau shekara shida, naira 1,710,000 kenan, in ba a ƙara ko kwabo ba, kuma kin san za a ƙara. Ba a sa yunifom da littattafai ba, ba a sa kuɗin tara ba, ba a sa adaidaita sahu zuwa da dawowa ba, wanda tun da aka cire tallafin mai a 2023 ya zama wani kuɗin makarantar mai zaman kansa. Ga ƙanne uku na tafe a bayansa. In aka zuba komai a kan babba, su da me za a yi musu? Ban san ko akwai mata a cikinsu ba, amma na san yadda ake yi a gidajenmu: in aljihu ya yi zafi, 'ya mace ake fara cewa ta yi haƙuri. Kuma ba abin da ke karya zuciyar yaro irin a riƙa koro shi gida kan kuɗin makaranta a gaban abokansa, ya yi mako biyu a zaune, ya koma an wuce shi, a ƙarshe a cire shi yana aji biyar. Makaranta matsakaiciya da za ku iya riƙewa shekara shida ba fashi ta fi mai tsadar da za a yi shekara biyu ana rigima da mai karɓar kuɗi. Ku auna da abin da maigida ke samu a watan da kasuwa ta yi sanyi, ba watan azumi ba.

Wani abin da zai rage muku zafi: babbar mararraba ba yanzu take ba, tana ƙarshen aji uku na sakandare. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta mayar da shekara tara, shida na firamare da uku na ƙaramar sakandare, dunƙule ɗaya da ya wajaba kowane yaro ya kammala. Bayan jarrabawar aji uku ne hanyoyi ke rabuwa. A lokacin ne yaro zai iya neman kwalejojin kimiyya na jiha irin su Dawakin Tofa da Dawakin Kudu, waɗanda tun 1977 suke fitar da yaran da suka zama likitoci da injiniyoyi, 'ya'yan talakawa da yawa a cikinsu, kuma da jarrabawa ake shiga. A lokacin ne mai son aikin hannu zai iya bin kwalejin fasaha ya yi jarrabawar NABTEB, mai son Larabci ya bi layinsa. Yaro ɗan shekara 15 kuma ya isa ya buɗe baki ya ce ga abin da yake so. Abin da ake buƙata daga shekara ukun nan kawai shi ne ya fito da karatu da lissafi masu ƙwari, haddarsa kuma tana tafiya. Ko makarantar gwamnati ce ta jeka-ka-dawo, in kun duba kun ga malamai na shiga aji, a ɗora masa lesin na Lissafi da Turanci da yamma, kuɗin bai kai rabin wancan ba.

In da ɗana ne, haka zan yi: ƙaramar sakandare kusa da gida wadda aljihu zai ɗauka, da alaramma tsayayye bayan asuba, da dogon hutu a ba hadda shi gaba ɗaya. Amma ɗanku ne ku biyu, kuma yadda za ki shigar da maganar ya kusa fin maganar kanta. Kada ki bari ta zama ke boko shi addini, don in ta koma haka kin faɗi tun ba a fara ba, Hajiya ma ba za ta saurare ki ba. Ki bari ya ci abinci ya huta, ki ce masa, Baban yara, ni ma burina in ga ranar da yaron nan zai ja mu tarawihi, so nake dai haddar ta zauna. Ki ajiye maganar makarantar yayarki gefe tukuna, ki nuna ke ma kin sauko daga naki dokin. Sannan ki kawo masa gwaji mai wa'adi: a ba tsarin nan shekara ɗaya, in yaro ya tashi daga izu bakwai zuwa sha bakwai masu ƙwari a ci gaba, in bai kai ba a sake zama. Ɗan kasuwa ne, ya san a ɗanɗana kafin a sari buhu. Hajiya kuwa ki je ki same ta da kanki, ki roƙe ta ta zama ita ce mai sauraron tilawar jikanta duk ranar Juma'a. Wanda aka ba riƙon igiya ba ya tsinka ta.

In duk da haka maigida ya tsaya a kan makarantar kwanan, kuma gwajin da kuka yi a gida ya nuna yaron yana karatu yana fahimta, lissafinsa ma ba laifi, to ba ƙarshen duniya ba ne, kada ki kashe aurenki a kai. Ki nemi abu uku: ku je ku ga wurin tare, a bar ku ku riƙa ziyara duk wata, a kuma samo wanda zai riƙa yi masa Lissafi da Turanci ko sau biyu ne a mako. Ki karɓo takardar shaidar gama firamarensa da sakamakonsa ki adana tun yanzu, kafin makarantar ta canza hannu ko ta rufe. In kuwa gwajin ya nuna yana tuntuɓe a littafin aji huɗu, nan kam ki dage, cikin ladabi amma ki dage, ki sa maigida ya zauna ya ji da kunnensa yadda yaron ke karantawa.

Shi ma yaron a tambaye shi, ba a gaban Hajiya ba, ba kuma a gaban babansa ba. Ki bari sai kuna ku biyu, yana riƙe miki bakin yadi kina yanka.